Gubar dalma: maganin ne farko ko sharar gida?

Abu Safiyya:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga ma'aikatan lafiya da masu sanin harkar haƙar zinariya. A ƙauyen da ake kawo duwatsun rami cikin gida ana dakawa, yara suka fara taune-taune da suma, an ba su maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi ba. Ta yaya za a gane dalma ce, kuma me ya kamata a fara yi? Wasu na cewa a nemo maganin da ke fitar da gubar kawai a raba.

Malama Hajara:
Wa alaikumus salam. Malam, raba magani kawai kuskure ne, amma bari in fara da ganewa. Ido ba ya tabbatar da gubar dalma. Amai, ciwon ciki, kasala, yawan kuka da jijjiga duk ana ganin su a cizon sauro da sanƙarau, shi ya sa a Zamfara a 2010 aka yi ta binne yara kafin a gano abin da ke faruwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Yara aƙalla 400 suka rasu. Gwajin jini ne kaɗai hujja.

Ana auna dalma da maikrogiram a kowace desilita ta jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 5 a fara neman inda take shiga jikin yaro a toshe. Daga 45 ne ake maganar ba yaro magani. Akwai wurare biyu da gwajin ke lalacewa. In an tsaga yatsa ba a wanke hannun da sabulu sosai ba, ƙurar da ke fata za ta shiga jinin, adadin ya hau na ƙarya, don haka a tabbatar da jinin jijiya. Na biyu, ƙaramar na'urar gwajin jini ta LeadCare II tana tsayawa ne a 65. Yaro mai 70 da mai 300 duk abu ɗaya za ta nuna, sai an tsinka jinin ko an kai babban ɗakin gwaji.

Maganin sha shi ne DMSA, ana auna shi da nauyin yaro, a sha kusan kwana 19, sannan a sake gwaji. Bayan an gama adadin kan sake hawa, domin dalmar da ta kwanta a ƙashi tana dawowa jini, sau da yawa sai an maimaita. Yaron da ke jijjiga ko ya fita hayyacinsa kuwa na gadon asibiti ne yau, ba gobe ba. Kuma maganin ba ya dawo da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa.

Injiniya Bello:
Malama ta bar mini ɓangaren ƙasa. Yaron da aka yi wa magani ya koma rarrafe a tsakar gidan da aka daka dutse, an yi aikin banza. Saboda haka ne ƙungiyar likitoci ta MSF ba ta fara jinya a garin Bagega na Zamfara ba sai da aka share garin a 2013.

Ga yadda aikin yake. Ana bi gida-gida da na'urar XRF, wadda ake ɗora wa ƙasa ta faɗi yawan dalma nan take. A aikin Zamfara, inda ya haura kashi 1,000 cikin miliyan ana kankare saman ƙasa kamar santimita 5 da fartanya, a zuba a buhu, a sake aunawa, sannan a shimfiɗa ƙasa mai tsabta wadda ita ma an gwada ta. Tsakanin 400 da 1,000 rufewa ake yi da ƙasa mai tsabta. Buhunan sai ramin da aka keɓe nesa da gari, ba gona ba, ba bakin kududdufi ba. Ɗakin da ke da daɓen ƙasa a yi masa siminti.

Abin da ake mantawa: turmi da taɓarya da aka daka dutse da su, buhun da aka ɗauko dutse aka dawo aka zuba gero, injin niƙan da ya ci dutse da safe ya ci hatsi da yamma, da tubalin da aka buga da ƙasar wankin zinariya. Waɗannan ba su wankuwa yadda za a amince da su. A raba su da abinci har abada. Sharar busasshiyar tsintsiya ma tayar da ƙurar take yi, a yayyafa ruwa tukuna.

Ɗan Rami:
Injiniya, duk gaskiya ne, sai dai in ba a gyara wurin aiki ba gidan zai sake gurɓata kafin damina biyu. Hana haƙa kuma bai taɓa aiki ba. In aka hana, mutane cikin gida suke ɓoye aikin, inda yara suke. Shekara biyar bayan Zamfara, a 2015, abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Dutsen da za a kula da shi shi ne mai ƙyalli baƙi-baƙi, mai nauyi, irin wanda ake yin kwalli da shi. Dalma ce da farar wuta. Fasawa da niƙa a yi su can bayan gari, inda iska ba ta kaɗowa gidaje. A niƙa da ruwa, ko a riƙa fesa ruwa a bakin injin, domin busasshen niƙa shi ne uwar ƙura. Kayan aiki su kwana a wurin aiki, mutum ya yi wanka ya sauya riga da takalmi kafin ya nufi gida. Kada a ci abinci ko goro da hannun aiki. Ƙyallen da ake ɗaurewa a hanci ba ya tare ƙurar nan. Zaibar da ake kama zinariya da ita guba ce daban, hayaƙinta ake shaƙa wajen ƙonawa, kada a ƙona ta a ɗaki.

Malama Hajara:
Ƙari kaɗan. Jikin ƙaramin yaro na tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, kuma ya fi tsotsewa in cikinsa ba komai ko yana da ƙarancin jini. A ba shi abinci da wuri, a wanke masa hannu kafin ya ci, a zaunar da shi kan tabarma mai tsabta. Masu ciki su ma a gwada su, domin dalma na ratsa mahaifa. Kwallin dutse kuma a daina sa wa jarirai.

Abu Safiyya:
Na gode, Allah ya saka. Zan kai maganar turmi da injin niƙa wurin mai gari tukuna, sai mu sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a zo a ɗebi jinin yaran.