Tambaya: wai me ya kai inzayim cikin markaɗen itacen da ake yin takarda da shi?

Ɗalibar_Kemistiri:

Assalamu alaikum jama'a, da fatan kowa yana lafiya. Don Allah masana a taimaka min. An ba mu aiki mu yi bayani a kan yadda ake amfani da inzayim wajen karya maiƙon da ke cikin markaɗen itace kafin a yi takarda, ni kuma wlh tun daga tushe abin ya ɗaure min kai. Na farko dai ban taɓa sanin itace yana da maiƙo ba, ni a sanina busasshen abu ne kawai. Na biyu ko da akwai ɗin, ina ruwan takarda da shi? Na uku kuma wanda ya fi damuna, in dai maiƙo ne me zai hana a zuba soda ko sabulu a wanke shi a wuce wurin, sai an je an nemo wani inzayim da sai an lallaɓa shi? Na karanta abin da aka ba mu ya fi sau uku amma kamar ana ƙara rufe min ido. A yi min bayani yadda zan gane don Allah, ba irin na cikin littafi ba.

Tsohon_Injiniya:

Wa alaikumus salam 'yata. Tambayarki ta uku ita ce mai nama, amma bari in fara daga ta farkon.

Itace yana da maiƙo, sosai ma. Bishiya abu ne mai rai, tana ajiye abincinta a cikin wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ke jikinta, wani ɓangare na ajiyar nan kuwa mai ne. Sannan irin su itacen fayin (pine, mai ganye kamar allura) suna da wasu siraran hanyoyi cike da ƙaro wanda suke kare kansu da shi daga ƙwari da ruɓewa, shi ne idan aka sare su kike ganin abu yana tsatsowa yana kama hannu. Duka-duka in kin haɗa bai fi kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari na nauyin busasshen itace ba a yawancin irin da ake takarda da su, sai ki ce ai ba wani abu ba ne. To amma masana'anta ɗaya tana markaɗa ɗaruruwan tan a rana, kuma ruwan da ake aiki da shi ba zubarwa ake ba, juya shi ake yana dawowa, don haka ɗan abin nan taruwa yake yi.

Ki ɗauki hoton injin a ranki. Abin da ake zubowa a kan ragar farko kusan kashi 99 cikin ɗari ruwa ne, sauran ne zaren itace, ragar tana tace ruwan, sai a bi da shi ta cikin rola masu matsewa da barguna masu tsotse ruwa, sai manyan ganguna masu zafi su busar, kuma duk wannan a guje ake yi, injin takardar jarida yana wuce mita 1,000 a minti ɗaya. To maiƙon nan ba ya narkewa a ruwa, yawo yake a matsayin 'yan ƙananan ɗigo, da sun samu canjin zafi ko canjin tsamin ruwa ko kumfa sai su haɗe su zama danƙo baƙi-baƙi, su manne a bututu, a raga, a bargo, a jikin rola. Wani ya toshe ragar ruwa ya ƙi tacewa, wani ya ɓalle ya faɗa kan takarda ya bar tabo ko huda, wani kuma ya kama takardar a jikin rola ta yage. In ta yage a wannan gudun sai dai a tsaya a sake zura ta, in abin ya yi yawa a kashe inji gaba ɗaya a yi wanki. Wanda bai taɓa tsayawa da dare yana kankare danƙo a jikin rola ba ba zai gane dalilin da ya sa mutane suka kashe shekaru a kan maganar nan ba.

Yanzu inzayim ɗin, wato furotin da halittu ke yi wanda ke hanzarta wani aiki na sinadari, kamar karya wani abu. Sunansa laifes, irinsa ne a cikinki yake narka kitse, kuma irinsa ake sawa a wasu garin sabulun wanki. Mafi danƙon abin da ke cikin man fayin shi ne tiraigilisaraid, wato gilisarin ɗaya riƙe da jelar asid na maiƙo guda uku. Aikin laifes ɗaya ne tak, ya datse mahaɗar da ke tsakanin gilisarin da jelolin nan. Gilisarin ya bi ruwa abinsa, jelolin kuma da aka raba su ba su da mannewa irin na da, ana iya wanke wasu, sauran a kama su da alif a ɗaure su a jikin zaren su fita tare da takardar ba tare da sun dunƙule ba. Ki lura da kyau a nan don ɗalibai da yawa suna rubuta wai inzayim yana cinye maiƙon ya ɓace. Ba ya ɓacewa, siffarsa kawai aka canja, dole a san inda za a kai gutsattsarin.

Abu_Sinadari:

Yallaɓai Injiniya Allah ya ƙara basira, amma ni fa ina tare da ƙanwata a tambayarta ta uku, kuma ban ga an amsa ba. Abin da laifes yake yi ai shi ne dai abin da soda take yi tun zamanin kakanni, haka ake yin sabulu, ka dafa mai da soda mahaɗar ta karye. Kuma a hanyar kiraf da ake dafa guntayen itace da kostik soda da sodiyam salfaid a zafin da ya kai wajen digiri 170, ai man nan gaba ɗaya sabulu yake zama ya taso saman baƙin ruwan girkin a kwashe, har ma a sayar da shi a matsayin wani mai na daban da ake fenti da sauransu da shi. To in haka ne ina amfanin inzayim? Ni gani nake kamar kamfanonin da ke sayar da shi ne kawai suke zuzuta abin.

Tsohon_Injiniya:

Malam Abu maganarka gaskiya ce amma rabi ka faɗa. A kiraf, e, ba wanda zai ɓata kuɗinsa ya sa laifes don tiraigilisaraid, girkin ya riga ya gama da shi. Sai dai ba duk takarda ake yi ta kiraf ba. Kiraf yana narkar da lignin, wato abin da ya liƙe zaruruwan itace da juna, ka zuba itace ka kwashi kusan rabinsa. Takardar jarida da ta mujallu masu araha kuwa markaɗe ake yi da dutse ko da faifan ƙarfe, ba girki, ana samun sama da kashi 90 cikin ɗari na itacen, shi ya sa take da sauƙi. To a nan komai na itacen yana nan, lignin yana nan, man ma yana nan ɗanye shar. Ka ce bari in zuba soda mai ƙarfi a wannan markaɗen, lignin ɗin zai yi duhu takarda ta koma ruwan ƙasa, sai ka dawo kana kashe kuɗin bilic don gyara ɓarnar da ka yi da hannunka, ga wani ɓangare na itacen zai narke ya bi ruwa ya ƙara maka dattin da za ka tace. Laifes kuwa bai san lignin ba, bai san zare ba, mahaɗa ɗaya ya sani.

Kuma ba 'yan talla ne suka ƙirƙiro buƙatar ba. Masu yin takarda ne da kansu a Japan, kamfanin Jujo, wanda daga baya a 1993 ya haɗe da wani suka zama Nippon Paper, su ne a ƙarshen shekarun 1980 suka gano cewa tiraigilisaraid ne babban mai laifi a markaɗen jan fayin ɗinsu, suka gwada laifes, zuwa farkon shekarun 1990 abin ya shiga aikin yau da kullum. Novo Nordisk na Denmak suka fito da nasu mai suna Resinase, sashen inzayim ɗinsu ne ya zama Novozymes a 2000.

Kafin nan abin da ake yi shi ne a jibge gungume ko guntaye a fili wata da watanni, iska da ƙwayoyin da ke jikin itacen su rage man da kansu. Yana aiki, amma itacen yana dushewa, wani ya fara ruɓewa, ga jarinka a kwance a fili. A ƙasashen sanyi kuma da hunturu ya shigo komai tsayawa yake, shi ya sa matsalar danƙo ta fi tsanani a lokacin. Sauran dabarun su ne hodar talk da take lulluɓe ɗigon ya daina mannewa, da alif, da sinadaran da ke warwatsa shi. Har gobe ana amfani da su, laifes bai kore su ba, rage yawansu yake.

Maman_Lab:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ɓangaren gwaji nake, bari in ɗan zuba ruwan sanyi kaɗan don kar ƙanwata ta je ta rubuta cewa laifes maganin komai ne malaminta ya ja mata jan biro.

Abin da ake kira danƙon nan ba abu ɗaya ba ne, taron dangi ne. Akwai tiraigilisaraid, akwai asid na maiƙo da dama can a sake suke, akwai asid na ƙaro, akwai siterol (dangin kolestarol) da wanda aka ɗaure shi da jelar mai, akwai kakin itace. Tiraigilisaraid kawai laifes yake iyawa da shi da kyau. Asid na ƙaro ko kallonsa ba ya yi, alhali shi ne ma mai guba ga kifi in ruwan masana'anta ya fita ba a tace ba. Sannan in ka koma masana'antun da ke dafa itacen turare a Burazil ko Fotugal ko Sifen, danƙonsu yawanci siterol ne da danginsa, waɗanda ko girkin kiraf ba ya gamawa da su, ka zuba laifes a nan ka yi asara. Shi ya sa masu bincike suka koma neman wasu inzayim ɗin, kamar wanda ke datse jelar siterol, da kuma lakes da ake haɗa shi da wani ɗan sinadari mai kai masa saƙo, amma waɗannan ba su samu shiga masana'anta kamar laifes ba.

Sai maganar zafi. Inzayim furotin ne, in zafi ya yi masa yawa lalacewa yake kuma ba ya dawowa. Ire-iren laifes na farko-farkon sun fi jin daɗi a wajen digiri 40 zuwa 60, markaɗen faifan ƙarfe kuwa da tururi ake yinsa, yana fitowa da zafin da ya haura haka nesa, dole ta sa aka ƙero masu jure zafi. Mu ma mun taɓa cin wannan wahalar a wani wuri da na yi aiki, aka sa bututun zuba inzayim kusa da inda markaɗe ke fitowa da zafinsa, sati guda ana zubawa ana cewa kayan jabu ne, ashe dafa shi muke tun kafin ya taɓa komai. Da aka mayar da shi tankin ajiya inda ya ɗan huce kuma yana samun awa ɗaya zuwa biyu ana juyawa sai ga bambanci a gwaji.

Abu na ƙarshe da ba a cika faɗa ba, jelolin nan da aka sako in ruwanka yana da kalsiyam da yawa suna haɗuwa da shi su zama wani irin sabulu da ba ya narkewa, irin farin dattin da ke kwanciya a bahon wanka, shi ma mannewa yake. Kenan in ba ka shirya kama su ba ka fita daga wata matsala ka faɗa wata.

Abu_Sinadari:

To na sauko, maganar duhun lignin ce ban kawo a raina ba. Amma Hajiya tunda ajiye itace a fili yana rage man saboda ƙwayoyin da ke ci, me zai hana a zaɓi mai cin man kawai a watsa masa tun yana guntaye?

Maman_Lab:

An yi hakan ai. Akwai wata funfuna da ke sa itacen fayin ya yi shuɗi-shuɗi, Ophiostoma piliferum, aka samo irinta marar launi aka riƙa sayar da ita da sunan Cartapip tun farkon shekarun 1990. Ana fesa ta a kan guntaye ta yi kamar sati biyu tana cin man, kuma da yake ta riga ta kama wurin sai masu ɓata launin su rasa wurin zama. Matsalarta ita ce rai gare ta, tana son ɗumi da danshi daidai, tsibin guntaye kuwa cikinsa zafi bakinsa sanyi, ba ka da iko da ita kamar yadda kake da iko da famfon zuba inzayim.

Ɗalibar_Kemistiri:

Kai Allah ya saka da alheri Baba Injiniya da Anti, wlh yanzu na gane inda aka dosa. Saura abu ɗaya, a takardar da aka ba mu an ce wai yana ƙara wa takarda ƙarfi, ni kuma na ɗauka don tsabtar inji kawai ake yi. Ta ina ƙarfi ya shigo?

Tsohon_Injiniya:

Ba gam ake sa wa takarda ba 'yata, zaruruwan ne suke kama junansu da kansu lokacin da ruwa ke bushewa a tsakaninsu, fuska ta haɗu da fuska. In mai ya shafe fuskar zare sai kamun ya yi rauni, kamar ki shafa mai a hannu ki ce za ki riƙe igiya. Da an rage tiraigilisaraid sai wurin kamawa ya ƙaru, takardar ta fi jure ja. Santsin takardar ma yana raguwa, wanda masu buga jarida suka damu da shi don nadin takarda mai santsi zamewa yake a cikin injinsu. In za ki sa wannan a aikinki ki rubuta cewa a markaɗen fayin aka fi ganin hakan, kar ki ce kowace takarda.