Muhawara: Shin Tayar da Ta Fi Kama Ƙasa Ce Ta Dace da Sabon Shiga Filin Tsere?

Mai GR86: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jamus, kuma ina da Toyota GR86 wadda nake zuwa aiki da ita, sannan ina shiga filin tseren motoci na Nürburgring da ita a ranakun da ake buɗe wa masu motocin gida. Tayoyin Michelin Pilot Sport 4 da ke kanta sun kusa ƙarewa. Wani abokina ya dage cewa duk mai shiga fili, ko da sabon shiga ne, ya sayi tayar da ta fi kowace kama ƙasa, irin su Toyo R888R ko Pirelli Trofeo R, domin a cewarsa ita ce ta fi tsare rai. Ina neman ra'ayinku kafin in kashe kuɗi.

Mai Porsche: Wa alaikumus salam. Ƙanena, abokinka ya faɗa maka gaskiya. Komai ƙarfin birkinka, tayar da ke taɓa kwalta ce take tsayar da mota. Tayar titi ba a yi ta don zafin fili ba, kuma idan ka matsa mata za ka ji ta fara sulɓi, robar gefenta tana ɓantarewa. Lokacin da Porsche 911 GT2 RS ta zagaye wannan fili mai tsawon kusan kilomita 21 cikin minti 6 da daƙiƙa 47 a shekarar 2017, tayoyin fili na Michelin Pilot Sport Cup 2 ne a ƙafafunta. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya rage wa kansa riƙon ƙasa da gangan ba.

Malamin tuƙi: Alhaji, da girmamawa, ban yarda ba, kuma misalin da ka kawo ya fi ƙarfafa nawa ɓangaren, domin ƙwararren direban kamfani ne ya yi wancan zagaye. Aikina shi ne zama kusa da sababbin shiga, kuma abin da na fi so su koya shi ne jin lokacin da taya ta fara gajiya da riƙo. Tayar titi mai kyau tana ba da labari tun da wuri: tana kuka a kwana, sitiyari yana sauƙaƙa a hannu, bayan mota yana zamewa a hankali yadda mutum zai iya gyarawa. Tayar fili kuwa tana haɗiye kurakuran direba. Zai shiga kwana da gudun da ya wuce ƙima, ya taka birki a makare, ya juya sitiyari da gaggawa, amma motar ta bi, sai ya ɗauka iyawarsa ce. Ranar da riƙon ya ƙare, zai ƙare ne a gudu mai yawa kuma da ɗan gargaɗi kaɗan. A Nürburgring shingen ƙarfe yana dab da kwalta a wurare da yawa, kuma wanda ya lalata shi shi ne zai biya. Ku tuna cewa Toyota ta fitar da GT86, motar da GR86 ta gada, a 2012 da tayoyin Michelin Primacy HP, irin waɗanda ake sa wa wasu motocin Prius masu tsimin mai, domin direba ya riƙa jin iyakar motar ba tare da ya kai gudun halaka ba.

Bakanike: Ni ta ɓangaren motar zan duba. Idan ka ƙara wa taya riƙo, ka ƙara wa sauran sassan mota aiki. Birki zai ƙara ɗaukar zafi, kuma man birkin da ya tsufa ya sha danshi yana iya tafasa, sai ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa. A doguwar kwana baƙin mai yana taruwa gefe guda a ƙasan injin, abin da ke iya rage matsinsa a wasu motoci. Ga kuma batun saitin ƙafa. An taɓa kawo mini mota da tayoyin fili masu tsada, gefensu na waje ya cinye har ya yi sumul, tsakiya da gefen ciki kuwa kamar ba a taɓa hawa ba, saboda ba a karkatar da saman ƙafafun zuwa ciki yadda irin wannan taya take buƙata ba. Mai motar ya zubar da tayoyin da ba su yi rabin aikinsu ba.

Mai Porsche: Malam, na ji batun koyo, amma kana magana kamar zaɓi biyu ne kawai. Akwai lambar jure lalacewa da ake bugawa a jikin taya, wadda girmanta yake nuna daɗewar tayar kafin ta cinye: tayar titi Pilot Sport 4S tana da 300, R888R tana da 100, sannan a tsakiya akwai masu 200 kamar Yokohama A052 da Bridgestone RE-71RS. Waɗannan suna jure zafi fiye da tayar titi kuma ana iya komawa gida da su. Har yanzu ina kan bakana cewa tayar da ta yi zafi ta fara sulɓi ita ma haɗari ce ga wanda bai ƙware ba.

Bakanike: Alhaji, kada a dogara da lambar nan sosai. Tsarin Amurka ne, kuma kamfanin da ya ƙera tayar ne yake sa ta, shi ya sa 200 ɗin wani kamfani ba lallai ne ya yi daidai da na wani ba. Wani ɓangare na sulɓin da ake kuka da shi kuma daga iska yake zuwa. Idan taya ta yi zafi iskar cikinta tana ƙaruwa, tsakiyarta ya kumbura, abin da ke taɓa ƙasa ya ragu. Wanda yake auna iskar da geji da zarar ya fito daga fili, ya rage ta zuwa abin da kamfani ya ba da shawara, zai ga tayar titi ta daɗe tana aiki. Sai dai ya tuna ya mayar da iskar bayan ta huce, kafin ya kama hanyar gida.

Malamin tuƙi: Akwai kuma yanayi, wanda babu wanda ya ambata. Filin yana cikin tsaunukan Eifel, inda ake iya samun ruwa a wani sashe alhali wani sashen a bushe yake. Tayar fili tana da ƙarancin zane, ba ta korar ruwa sosai, kuma robarta ba ta kama ƙasa sai ta ɗumama. Ɗan'uwanmu da mota ɗaya yake zuwa aiki da sanyin safiya. Na yarda da Alhaji cewa masu 200 suna da amfani, amma sai bayan zagayensa ya daidaita har ya zama tayar ce take hana shi ci gaba.

Mai GR86: Na gode muku duka. Na karkata ga tayar titi mai kyau a wannan karo, in canza man birki, in sayi geji. Idan na tashi hawa mataki na gaba, shin ya fi kyau in sayi wasu wili daban don fili?

Bakanike: Haka ya fi, domin kowane ɗumama da hucewa yana ƙara taurara robar tayar fili, ko da zanenta bai ƙare ba. Idan kuma za ka sayi wadda aka yi amfani da ita, duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar ƙira.

Mai Porsche: Ni dai da masu 200 zan fara ko da ni ne sabon shiga, amma in ka zaɓi ta titi, ka riƙa ba ta lokaci ta huce tsakanin zagaye da zagaye.