Yadda za a rage kashe kuɗi wajen saran itacen katako

Ranar Laraba mun zauna da masu gonakin bishiyar turare da dalbejiya a Daura, aka yi ta musu kan inda kuɗi ke zurarewa. Kusan kowa ya ce mota ce, ba injin yanka ba.

Wani dattijo ya ce kada a kira mai inji sai an zagaya gona an shafa wa bishiyoyin da suka isa sara fenti, an kuma samu mai saye. Ni kaina na taɓa biyan ma'aikata kuɗin yini biyu suna zaune a inuwa, ina neman takardar izini daga malaman daji. A fara da ita.

Sara kuwa da rani ake yi. A watan Agusta mota kan kafe a laka, ɗanyen itace ga nauyi. A bar shi ya sha iska bisa duwatsu saboda gara, maƙwabta su haɗa lodi a mota guda.

Wani matashi ya tambaya, “Baba, kututturen fa?” Aka ce ya bar kamar taƙi ɗaya, turare zai sake tofowa, ba sai ya sayi sabon dashe ba. Gawo dai an ce kada a taɓa shi, gero na son ƙarƙashinsa.