Hali Gado Ne ko Tarbiyya?

A majalisarmu ta Fagge an yi ja-in-ja kan wannan. Dattawa suka ce hali zanen dutse ne. Malam ya kawo hadisin cewa ana haihuwar kowane jariri kan fiɗira, wato tsarkakakkiyar ɗabi'ar asali, iyaye ke juya shi. Wani likita a cikinmu ya ambaci binciken tagwayen da suka tashi a gidaje daban, wanda aka fara a Amurka a 1979: gado yana da ƙarfi, amma ba shi kaɗai ba ne.

Shawarar da ta fi shiga raina: a daina ce wa yaro "halin ubanka ne", don zai yarda ya bar ƙoƙarin gyarawa. Mai zafin rai a koya masa haƙuri tun yana ƙarami, a kuma san abokansa na layi.