Jos zuwa Wase a kan keke, wa ya taɓa yi?

ɗan_bukuru:
Salama 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawara, ni da wasu matasan cocinmu muna so mu hau keke daga Jos har Wase, mu bi ta wuraren da bishara ta fara shigowa ƙasar Filato, tunda a gindin dutsen Wase ne su Karl Kumm, turawan mishan na ƙungiyar SUM (Sudan United Mission), suka fara zama a 1904. Nufinmu duk inda muka tsaya mu yi addu'a da karatun Littafi kafin mu wuce. Wace hanya ta fi, kuma lokacin Ista ya yi?

mai_giya_rayfield:
Ista kam a'a ɗan'uwa. Ka saba da sanyin Jos ne, amma da zarar ka sauka daga tudu ka doshi Langtang a Maris ko Afrilu zafin wurin sai ya sa ka jingine keken ka nemi mota. Ku bari sai Disamba ko Janairu, ƙurar hunturu ce kawai matsalar, ku ɗaure hanci. Hanya dai ita ce Mararraban Jama'a, Barkin Ladi, Mangu, Panyam, Pankshin, Amper, Langtang sai Wase, ta haura kilomita 200 don haka kada ma ku yi tunanin rana ɗaya. A Mangu ku ratse ku shiga Gindiri inda SUM ta buɗe makarantar horar da masu bishara a 1934, wannan ratsen bai kamata ku bari ba ko da zai ci muku wuni. Panyam kuma wata ƙungiyar mishan, CMS (Church Missionary Society), ce ta fara aiki a can a 1907 kafin a miƙa wa SUM.

Abin da nake jin tsoro shi ne gangaren bayan Pankshin, wanda birkinsa ba shi da kyau ya sauko ya tura, ba abin kunya ba ne. Ku riƙe famfo da kayan faci, kada ku dogara da mai faci na bakin hanya. Kuma kun san halin rashin tsaro da ake ciki wajen Barkin Ladi da Mangu, ƙarfe biyar ta same ku a masauki.

mama_zumunta:
Ɗana Allah ya ba ku ƙarfi, amma bari in faɗa maka, Ubangiji bai fi kusa da mutum a Wase ba fiye da ɗakinka na Bukuru, ai abin da Yesu ya gaya wa matar nan Basamariya ke nan a bakin rijiya, ba a kan wannan dutse ba ba kuma a Urushalima ba. In za ku je ku je don ku ji labari. Kowa ya san sunan turawan, amma su wa suka yi musu tafinta, su wa suka ɗauki kaya a ka, su wa suka ci gaba da aikin a ƙauyuka bayan bature ya koma gida? Masu bisharan nan na zamanin da, keke ƙirar Raleigh guda ce dukiyarsu, da ita suke zuwa wa'azi da ita suke kai mara lafiya asibitin Vom. Ku zauna da tsofaffi a kowace majami'a ku tambaya, suna ƙarewa fa.

ɗan_bukuru:
Mama na gode, za mu tafi da littafin rubutu. To batun kwana fa, kuɗin otal ba mu da shi.

dattijon_ikilisiya:
Ku karɓi takarda daga hannun Rabaran ɗinku mai hatimi, ku kira kowace LCC, wato majalisar ikilisiya ta yanki, tun mako guda kafin ku iso, ba za a rasa muku tabarma a gidan fasto ba, sai dai kada ku je hannu rabbana, ko sukari da sabulu ku riƙe. In kun isa Wase kuma ku tuna garin sarki ne kuma yawancin mutanen Musulmi ne, ku fara kai gaisuwa fada ku faɗi abin da ya kawo ku kafin ku nufi wajen dutsen da kyamara.