Ƙanina yana shafe awa guda a wurin alwala: shin wannan ciwo ne?

Yayar Ɗalibi:
Assalamu alaikum. Ƙanina mai shekara 19 yakan shafe kusan awa guda yana alwala, yana ta wanke hannu har fatar tsakanin yatsunsa ta yi fari ta tsattsage. Idan ya tsaya sallah kuma, sai ya yi ta maimaita kabbarar harama har liman ya yi ruku'u. Shi da bakinsa yake cewa ya san abin ya wuce hankali, amma idan ya bari sai tsoro ya cika masa ƙirji. An yi masa ruƙiyya, babu sauyi. Shin asibiti na da maganin wannan?

Ma'aikacin Jinya:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Alamomin nan sun yi kama da cutar waswasi da likitoci ke kira OCD, amma likitan ƙwaƙwalwa ne zai tabbatar. Wani tunani ne yake faɗo wa mutum ba da sonsa ba, kamar cewa akwai najasa a jikinsa, sai ya maimaita wanki don ya samu natsuwa, natsuwar kuma ba ta daɗewa, shi ya sa maimaitawar take ƙara wa ciwon ƙarfi.

Magani iri biyu ne. Akwai horon da masanin halayyar ɗan'adam ke bayarwa, inda za a sa shi ya yi alwala sau ɗaya ya tashi, ya jure damuwar ba tare da ya sake ba, ana yi daki-daki har tsoron ya ragu da kansa. Akwai kuma ƙwayoyi irin su fluoxetine da sertraline, waɗanda sukan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga amfaninsu sosai, don haka kada a yi gaggawar cewa ba sa aiki, kada kuma a daina sha ba da izinin likita ba. Ana duba irin wannan a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da Asibitin Malam Aminu Kano.

Malamin Islamiyya:
Ki kwantar masa da hankali ta fuskar addini. Malaman Malikiyya sun ce wanda kokwanto ya aure shi, yana zo masa kullum, watsi zai yi da shi, ba zai sake alwala ba. Ya kuma tabbata a hadisi cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zuciya ta raya, matuƙar ba a furta ko an aikata ba. Zuwa asibiti bai saɓa wa tawakkali ba.

Uwar Yara:
'Yata ta yi fama da irin wannan ciwon. Likita ya hana mu amsa mata duk lokacin da ta tambaya, "Mama, na wanke daidai?", domin tabbacin da muke ba ta yana ƙara ciwon ne. Hakan ya yi mini nauyi ƙwarai, amma ya taimaka. Ku daina yi masa faɗa ko dariya, kuma wani babba ya raka shi ranar ganin likita.