Hitar motata iska mai sanyi take busawa

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masana mota ku taimaka. Corolla ce ta 2006, hitar ta daina ɗumi. Fankar na busawa lafiya, amma ko na murɗa zuwa ja har ƙarshe iskar sanyi ƙalau. Ga sanyin Jos na bana, da asuba yara har karkarwa suke yi a hanyar makaranta.

Oga Bakanike: Wa alaikumus salam. Alhaji, in ka yi tafiyar minti 15, a ina allurar zafi take tsayawa?

Baban Hanifa: Ƙasa-ƙasa, ba ta kai rabi. In na hau titin Bauchi ma sai ta ƙara sauka.

Oga Bakanike: To ko dai an cire maka tamostat, wato bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya ɗau zafi, ko ya maƙale a buɗe. Hita ba ta da wutar kanta, zafin ruwan inji take ara. Ruwan yana bi ta wani ƙaramin lagireto da ke bayan dashbod, fanka ta huro iska ta cikinsa. In ruwan bai yi zafi ba, me za ta ba ka? Amma fara duba ruwa tukuna, da safe kafin ka tayar. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi.

Ɗan Kano: Mu a nan ko inda maɓallin hita yake ba mu sani ba 😂

Bazazzagi: Ai Bakano ko yana da shi ba zai kunna ba, tsoron shan mai yake.

Direban Sharon: Ku bar wasa, maganar nan ta taɓa ni. Alhaji kafin ka sayi komai, ɗaga bonet ka dubi bangon da ke tsakanin inji da cikin mota. Akwai hos biyu da ke shiga ciki. Ka tabbata suna shiga ɗin. Tawa haka ta yi. Na kai wa wani bakanike saboda ruwa na raguwa, ga kafet ɗin gefen fasinja kullum a jiƙe. Ashe ƙaramin lagireton ne ya huje. Maimakon ya faɗa mini, sai ya zare hos ɗin biyu ya haɗe su da guntun bututu, ya karɓi kuɗinsa. Lokacin bazara ne, ban ga komai ba. Sai da hunturu ya shigo, na ɗauko fasinja da daddare, har da mai jego da jaririnta, na kunna hita babu komai. Matar nan ta naɗe yaron da zanenta har muka sauka, wallahi raina ya ɓaci ƙwarai. Da na koma sai ya ce ai kowa haka yake yi, wa zai kwance dashbod saboda hita. Kwancewar aiki ce, na yarda, wuni guda take ci. Amma ai da ya faɗa mini, ni zan zaɓa.

Maman Ummi: Allah sarki. Allah ya saka maka.

Alhaji Babba: Ni dai ban yarda da zancen mayar da tamostat ba. Don ƙasar Turawa aka yi shi, masu ƙanƙara. Duk motar da na saya 'yar Kwatano, shi nake fara cirewa.

Oga Bakanike: Ranka ya daɗe, da girmanka, amma a nan ba haka ba ne. Injin an ƙera shi ya yi aiki a wajen digiri 90, tamostat ɗin Corolla irin tasa yana fara buɗewa a 82. In ka cire, kwamfutar motar za ta ɗauka injin bai gama ɗumi ba, ta riƙa ƙara mai. Filogi ya yi baƙi, mai ya tafi a banza. Motar da ke zafi, lagireto ne ya toshe, ko fanka, ko wata-fam, famfon da ke zagaya ruwan. A gyara wannan.

Alhaji Babba: Na ji, amma wanda ya maƙale a rufe fa? Gaskit zai ƙona maka a tsakiyar daji.

Oga Bakanike: Shi ya sa ake sa mai kyau, ba na gwangwan ba.

Maman Ummi: Tunda ana maganar, ni gilashina ke yin hazo ta ciki da safe.

Direban Sharon: Hajiya kunna AC tare da hita, ki juya iskar zuwa gilashi, zai washe. Amma in kin ji wani wari mai zaƙi-zaƙi kuma gilashin na yin maiƙo, yoyo ne irin nawa.

Malamin Fasaha: Baban Hanifa, ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Bari inji ya ɗau zafi, ka kunna hita, ka taɓa hos biyun nan a hankali. In duka da zafi amma ciki sanyi, ƙofar da ke haɗa iska ce ba ta motsi, a duba wayar da ke janta. In ɗaya zafi ɗaya sanyi, ƙaramin lagireton ya toshe da tsatsa, a wanke shi da ruwan tiyo ta baya, ba da ƙarfi ba. In duka ba zafi, koma maganar Oga. Kuma in an taɓa juye ruwan kwanan nan, iska na iya maƙalewa a ciki. Me kake zubawa ma?

Baban Hanifa: Ruwan rijiya, Malam.

Malamin Fasaha: To ka daina. Shi ke kawo tsatsar. Kulan za ka sa, wato ruwan sanyaya inji na musamman, in mai kauri ne a haɗa rabi da rabi da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba asid ba.

Ɗan Kano: Ja ko kore?

Bazazzagi: Na Toyota ruwan hoda ne. Kada dai ka cakuɗa biyun.

Alhaji Babba: Oga, a ina ake samun mai kyan da kake faɗa? Na Accord nake tambaya.

Baban Hanifa: Na gode 'yan uwa. Na leƙa yanzu, hos ɗin suna shiga ciki, ba a haɗe su ba. Gobe in Allah ya kai mu zan taɓa su in ji.